Mutumin da Ba Ya Gaisuwa a Kan Sirdi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Hamma Siddi makwancinsa. Ya rasu ana sauran 'yan kwanaki a kama azumi, shi ya sa duk shekara idan aka fara auna gero da tsamiya a kasuwa, ana tambayar juna yaushe za a duba wata, ni kuma sai ya faɗo mini a rai. Na saba in yi masa addu'a in yi shiru. Bana dai shirun ya ƙi, domin wani abu ya faru a cikin danginmu wanda ya sa na ga kamar jiya ya jingine kekensa a zaure ya shiga alwala.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan Gombe Hamma muke ce wa babban wa, babbar ya kuma Adda, bakin da muka gada daga wajen uwayenmu Fulani. Mu uku iyayenmu suka bari: Adda Hajara ce babba, sai shi, sai ni auta. Tela ne, mai ɗinkin manyan riguna, kuma a zauren gidanmu na gado a Kumbiya-Kumbiya ya yi sana'arsa har Allah ya karɓi abinsa. Bai tara dukiya ba, bai riƙe sarauta ba, ba a taɓa kiran sunansa a rediyo ba sai ranar sanarwar rasuwarsa. Amma idan ka tambayi dattawan unguwannin nan wane ne Siddi, ba za su fara da ɗinki ba. Za su ce maka, "Mai baƙin keken nan da ba ya hawa?"

Yana hawa. Abin da ba ya yi shi ne gaisuwa a kan sirdi. Mahaifinmu falke ne, da jakuna ya shigo ƙasar nan daga wajen Katsina, kuma tun muna ƙanana ya hore mu cewa ba a gaida na gaba daga bisa dabba. Ko kaya ne niƙi-niƙi, sai ka diro, ƙafarka ta taɓa ƙasar da tasa take takawa, sannan ka buɗe baki. Jakuna suka ƙare, zamani ya kawo keke, mu duka muka ɗauka horon ya tafi tare da jakunan. Hamma shi kaɗai ya ɗauko shi ya ɗora wa keke. Idan ya hango wanda ya girme shi, tun daga nesa zai matse birki ya sauka ya riƙo kan keken yana turawa. Daga baya abin ya wuce na manya kawai. Sa'ansa ma sauka yake yi masa. Idan ya zo wucewa ta gefen maƙabarta ya sauka, idan ya ga ana zaman makoki ko bai san gidan ba ya sauka. To a garin da kowa ya san kowa, ina mutum zai sami filin taka feda?

Akwai wani mai faci a bakin hanyarmu, Ba Modu, Babarbare, wanda Fulatancin uwarmu ya ishe shi hujjar ya mai da mu abokan wasa. Kullum Hamma ya zo wucewa yana tura keke sai ya ɗaga murya:

"Kai Fillo! Sayar mini da fedar nan mana, tunda ba aiki take maka ba."

Hamma ya ce, "Sai ka fara sayar mini da buzun sallarka. Shi ma na ga har yanzu sabo ne fil."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya gaji, ba wanda ya sake zance.

Ranar Juma'a ba ya taɓa keken ɗinki. Da hantsi zai ninke rigunan da ya gama, ya ɗaure su a kariyar bayan kekensa na hawa cikin wani farin ƙyalle, ya fita raba wa masu su da kansa, ya bi ta Manawashi, ya ƙare a Gabukka gidan Adda, inda aure ya kai ta tun wurin yana gonaki da 'yan gidaje jefi-jefi. Tafiyar da matashi zai yi kafin shayi ya huce, shi sai ta cinye masa safiya ɗungum. Na sha yi masa ƙorafi. In ce, Hamma, wanda ya ba ka ɗinki shi ya kamata ya zo ya karɓa. Sai ya yi murmushi ya ce rigar ce take raka shi, ba shi yake raka ta ba. Wata rana ya kawo mini keken da ɗan gwangwanin farin fenti, ya ce tunda ni aka bari a gaban malam na iya alƙalami, in rubuta masa wani abu a murfin tayar baya. Na tambaye shi wace addu'a. Ya ce ba addu'a ba ce, kuma ba ya son a sa sunan Allah inda taɓo zai fantsama. Ya faɗa mini, na rubuta masa da ajami: zumunta a ƙafa take.

Sai da na girma sosai na gane abin da yake samu a wannan tafiya. Mai tafiya a ƙasa yana ganin abin da mai gudu ba ya gani. Shi ne yake fara sanin gidan da hayaƙi bai tashi ba, da wanda aka kwana da mara lafiya, da wanda maigida ya yi tafiya ya bar iyali da ƙaramin awo. A Manawashi akwai wani tsohon malamin makaranta, Batangale, Kirista, da yake fito da kujerarsa ƙofar gida kowace safiya yana sauraron rediyo. Ba abin da ya haɗa su sai gaisuwa. Wata Juma'a Hamma ya iso bai ga kujerar ba, ya tsaya ya yi ta sallama har ya ji tari daga ciki. Ashe zazzaɓi ne ya kayar da tsohon, 'ya'yansa duk suna wajen aiki a wasu garuruwa. A kan kariyar keken nan ya ɗora shi, ya ɗora masa rigunan mutane a cinya, ya tura shi har asibiti. Ranar da Hamma ya rasu, tsohon nan yana cikin waɗanda suka fara isowa, ya zauna a gefe da hularsa a hannu har aka watse.

Yau idan na tsaya a bakin titi ina jiran a tsallakar da ni, nakan tambayi kaina ko Hamma zai gane garin. Tituna sun yi faɗi, an raba su biyu, an kafa fitilu. Acaba da babura masu ƙafa uku sun cika ko'ina kamar fara. Gonakin da muke ratsawa zuwa Gabukka duk sun zama gidaje masu dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe. Ba zan yi butulci ba, ni'ima ce. Wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a amalanke ba zai zagi mota ba, ni ma da ciwon ƙirji ya taso mini bara waccan, mota ce ta kai ni ga likita a kan lokaci. Abin da na lura da shi kawai shi ne gaisuwa ta canja kama. Yanzu mutum zai danna maka hon, ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari, kafin ka gane ko wane ne ya ɓace. Ka koma gida kana ta lissafin ɗan wa ya gaishe ka. Keken hawa kuwa ya zama alamar wanda bai samu ba. Yaro ya fi son a gan shi a bayan acaba da bashi da a gan shi a kan keken ubansa.

Hamma ya bar ɗa namiji guda, Sa'idu. Yaron kirki ne, ina faɗa ba don ɗana ba ne. Ya yi karatu, yana aikin gwamnati, Allah ya buɗa masa har ya yi gida ya sayi mota. Bai yar da kowa ba. Duk wata sai ya aika wa goggonsa, wato Adda Hajara, da shinkafa da sukari da ganyen shayi, idan ta yi ciwo shi ne mai magani. Sai dai lungun Adda mota ba ta shiga. Ruwan damina ya zaizaye bakinsa ya bar kwari, abin da ya rage 'yar siririyar hanya ce da mutum biyu ba sa jerawa. Saboda haka saƙon Sa'idu ya fi Sa'idu zuwa gidan.

Bayan sallar layya da ta wuce, wata safiya yana kan hanyar ofis ya hango Adda a bakin titi, ta fito da sandarta za ta gaida wata maƙwabciya da aka sallamo daga asibiti. Dama kayanta na wata suna cikin motar. Ya taka birki a gabanta, ya sauke gilashi, ya ce, "Goggo, ina kwana?" Ya miƙo mata leda ta taga. Injin yana kunne, na baya suna ta danna masa hon saboda hanyar ta matse a wurin. Ta karɓa, ta ce Allah ya yi albarka. Ya ja mota ya tafi yana jin ya yi abin kirki.

Washegari sai ga Adda a zaurenmu, ita da ta fi shekara ba ta tako Kumbiya-Kumbiya ba saboda ƙafa da yanar ido. Ta dire ledar a gabana, ko ƙullin ba ta kwance ba. Ta zauna ta huta, ta sha ruwa, sannan ta ce:

"Ɗan Siddi ya gaishe ni daga zaune."

Na fara ba ta haƙuri, ina cewa yaran yanzu ne, ga sauri, ga cunkoso. Ta ɗaga mini hannu.

"Da ɗan wani ne, da ban ji komai ba. Ni na wanke shi ranar da aka haife shi. Ubansa da furfurarsa bai taɓa ce mini sannu ƙafarsa tana kan feda ba. An miƙo mini abinci ta taga kamar mai bara. Ka gaya masa, ranar da na mutu ma ba sai ya wahala ba. Ya tsaya a bakin titi ya danna mini hon, ya wadatar."

Wanda bai san Adda ba zai ce rigimar tsufa ce, kwana biyu ta wuce. Ni na san ta. Ba ta da faɗa, ba ta da zagi, amma idan ta rufe ƙofa a zuciyarta, rufewa take yi a hankali ta kuma zare makulli. Sa'idu ya kira ta a waya, ba ta ɗauka ba. Ya aika matarsa, aka karɓe ta hannu biyu, aka yi mata fura, da ta kawo zancen sai Adda ta tambaye ta yadda ake sayar da tumatir a unguwarsu. Ya ninka kayan wata ya aika, suka dawo. Shi ma sai zuciya ta fara ɗibarsa. Ya ce da ni, "Bappa, me na yi? Na tsaya, na gaishe ta, na ba ta kayanta. Wasu ma wucewa suke yi." Daga nan ya daina kira. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Adda ta haura tamanin, kullum jiki ƙara lafewa yake yi. Na ji tsoron kada a wayi gari ta tafi da wannan a ranta, shi kuma ya rayu da shi a nasa, igiyar da Hamma ya yi shekara arba'in yana murɗawa da ƙafarsa ta tsinke a hannuna ina kallo. Na yi ta kai kukana ga Allah a sujada, don na rasa ta inda zan ɓullo wa al'amarin. Icen da ya bushe ba a tanƙwara shi, ɗanyen kuma ya ce shi ba a karkace yake ba.

Ana cikin haka wurin aikinsu ya tura Sa'idu kwas ƙasar Turawa. Da ya dawo ya zo gaishe ni da tsarabar turare, muka zauna a zaure bayan la'asar. A cikin duk abin da ya gani, ba dogayen gine-gine ne suka tsaya masa a rai ba, ba kuma jirgin ƙasa ba. Wani ɗan ƙaramin gari ne a bakin ruwa da aka kai su hutun ƙarshen mako. Ya ce garin ba a shiga da mota. Kowa, komai girmansa, a waje yake ajiye motarsa, ya shiga da ƙafa ko ya karɓi hayar keke. Kaya a kura ake turawa. In ban da motar asibiti da ta kashe gobara, ba injin da ke tashi. Ya nuna mini hotuna a wayarsa, na sa tabarau na duba: tsofaffi masu farin gashi a kan kekuna da kwando a gaba, yara suna wasa a tsakiyar hanya ba mai tsawata musu, mutum biyu sun tsaya suna hira kowa yana riƙe da kan kekensa.

Ya ce, "Bappa, wallahi har ƙarar takuna nake ji. Na yi barcin da na manta rabona da irinsa. Kuma ka san abin mamaki? Masu kuɗi ne suke zuwa. Mutum zai yi shekara yana tari don ya je ya yi mako guda yana yawo a ƙasa. Wanda bai san ka ba ma sai ya tsaya ya gaishe ka."

Ina sauraronsa ina kallon bangon da ke bayansa, inda keken Hamma yake rataye tun ranar da aka share makoki, tayoyin sun sace, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakanin wayoyin. Na ce a raina, ina ma mai shi yana nan ya ji. Na san ba wa'azi zai yi ba, ba halinsa ba ne. Dariya zai yi har hularsa ta karkace, ya ce ashe hutu ya yi ta yi shekara arba'in bai sani ba, kuma ba wanda ya karɓi ko kwabo a hannunsa. Abin da muka yar muna jin kunyarsa a matsayin talauci, ga wasu can sun tsince shi sun wanke, sun kewaye shi da shinge, sai mai hali yake shiga. Ban ce garinmu ya zama nasu ba. Su sun ƙoshi da mota ne har ta gundure su, mu kuwa da yawanmu ba mu kai ga ɗanɗana ta ba, kuma mai neman abin da zai ci yau ba a yi masa zancen yawon shan iska. Amma na ga wata ƙofa ta buɗe a cikin zancen yaron, na ce bari in gwada, ko Allah zai sa a dace.

Na ce, "Ni ma na san wani wuri irin wannan. Mota ba ta shiga, da ƙafa ake zuwa, ba ƙara sai ta kaji. Ba a biyan kuɗin jirgi."

Ya ce, "A ina, Bappa?"

Na ce, "A Gabukka. Lungun goggonka."

Ya kife wayar a kan tabarma. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na aika mata da komai, Bappa. Me take so?"

Na ce ba na jin tana son wani abu da za a iya aikawa.

Ya tashi kamar zai tafi, sai ya tsaya a gaban keken, ya sa yatsa ya share ƙurar da ke kan murfin tayar baya. Farin rubutun ya fito, ya dushe amma yana karantuwa. Ya ce tun yana yaro yake ganinsa, ya ɗauka addu'ar tsari ce daga haɗari. Na ce kusan haka ne. Na karanta masa.

Shi da kansa ya sauke keken ya tura shi wajen Ba Modu, wanda har yanzu yana nan a bakin hanya, ya tsufa ya ranƙwafa, yawancin aikinsa ya koma tayoyin acaba. An ce da ya ga keken sai da ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. Ya sake taya, ya zuba wa sarƙa mai, ya ɗaure birki. Da ya zo kan feda sai ya juya ta da hannu ya ce, "Wannan kam ba abin da ya same ta. Fillon ubanka bai ci ko rabinta ba. Ka gaya wa bappanka har yanzu ina saye."

Ranar Juma'ar da ya ce zai je gaida Adda a keken, na riga shi tafiya. Na hau mai ƙafa uku zuwa bakin kwarin, na lallaba da sandata na shiga. Ban gaya wa Adda komai ba, don ban san yadda za ta karɓa ba, ban kuma tabbata shi zai iso ba. Muka zauna a inuwar darbejiyar tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗa a faranti, muna zancen waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu. Hantsi ya ɗaga, inuwa ta fara tsukewa, ba Sa'idu ba labarinsa. Na fara zargin ko ya sake shawara a hanya, ko wani abokin aikinsa ya gan shi a kan keke kunya ta mai da shi gida. Har na fara tunanin yadda zan tashi in kama hanyar masallaci ba tare da ta gane na zo da wata manufa ba.

Sai hannun Adda ya tsaya a cikin faranti. Idonta ba ya gani sosai, amma kunnenta ko na yarinya albarka. Ta karkata kai wajen ƙofa.

Ta ce, "Wa ke turo keke a lunguna?"

Na ce wataƙila mai wucewa ne.

"A'a. Ba hawa ake yi ba, turowa ake. Ba ka ji ba?"

Na kasa kunne, na ji. Duk wanda ya zauna da keke ya san wannan: idan ana taka shi shiru yake tafiya, idan ana tura shi kuwa sai tayar baya ta riƙa wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas a hankali, kamar ana jan carbi. Shekara goma sha ɗaya wannan ƙara ba ta shigo lungun ba. Ta matso, ta matso, ta tsaya a ƙofar gida. Aka jingine ƙarfe a jikin bango, daidai inda ake jingine shi a da. Aka yi sallama.

Adda ba ta amsa da ƙarfi ba, leɓenta kawai na ga ya motsa. Sa'idu ya shigo, ya tuɓe takalma tun daga bakin ƙofa, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙafar wandonsa ɗaya ta sha baƙin mai. Ya zo gabanta ya durƙusa har ƙasa.

"Goggo, ina kwana."

Ta bar shi a durƙushe. Ta ɗauki gyaɗa guda ta ɓare, ta sake ɗaukar wata. Ni dai ina ta salati a zuci.

Can ta ce, "Ina kwana da rana tsaka? Tun yaushe ka fito?"

"Tun hantsi, Goggo."

"Me ya tsare ka?"

"Mutane. Duk wanda ya ga keken sai ya tsayar da ni. Wasu ban ma san su ba. Wata tsohuwa a Manawashi sai da ta sa na shiga na sha kunu, wai Baba ne ya ɗinka wa mijinta rigar aure."

"Ka sauka?"

"Na sauka."

"Ko dai ƙafa ɗaya ka sa a ƙasa, irin na 'yan acaba?"

"Duka biyun, Goggo. Tun daga Manawashi ma ban ƙara hawa ba. Na ga wahalar hawa da saukar ta fi ta turawa."

Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake daga baya ta haɗa da hawayen. Ta miƙa hannu ta laluba kansa, ta shafa, ta ce, "To ai ba ka makara ba. Haka ubanka yake isowa." Ta dafa sandarta ta miƙe, na ce ta zauna in ɗebo masa ruwa, ta ce ba ni na yi baƙo ba. Da kanta ta je randa ta cika moɗa ta kawo masa, ta tsaya a kansa har ya shanye. Sannan ta juyo wajena ta ce, "Kai kuma, ina sukarina da na ba ka ajiya? Ko ka shanye?" Na ce yana nan ko ƙullin ba a kwance ba. Ta ce a kawo mata abinta kafin azumi.

Tare muka tafi masallaci ni da shi, yana tura keken ina dogara sanda.

Ba zan ce Sa'idu ya sayar da mota ba, bai sayar ba, ban kuma so ya sayar ba. Ranar aiki da ita yake fita kamar kowa. Ba kowace Juma'a yake samun hawa keken ba ma. Amma an gaya mini yanzu idan ya hango babba a hanya, yakan nemi gefe ya kashe inji ya fito, ko na baya za su fasa masa kunne da hon. Garinmu kuwa ba zai koma yadda yake ba, ba kuma zai zama wancan ɗan garin na bakin ruwa ba. Tituna za su ƙara faɗi, motoci za su ƙara yawa. Iyakar abin da nake roƙo ga masu tsara gari shi ne idan ana shimfiɗa hanya a riƙa tunawa da mai ƙafa da mai keke, a bar musu gefen da za su bi ba da fargaba ba, a bar 'yar inuwar da mutum biyu za su tsaya su tambayi lafiyar juna.

Idan na auna abin da ya rage na Hamma Siddi bayan shekarun nan, ba shi da yawa a ido. Rigunan da ya ɗinka sun tsufa, wasu an yi sadaka da su, wasu sun bi masu su. Keken ɗinkin yana wajen wani da ya koya a hannunsa. Baƙin keken ma ƙarfe ne, wata rana tsatsa za ta gama da shi, rubutuna ya goge. Amma a lungu guda a Gabukka akwai tsohuwar da za ta shiga azumin bana ba ta riƙe da kowa a zuciya, akwai kuma wani magidanci da ya koyi cewa kafin ka tambayi mutum yadda ya kwana, sai ka fara tsayawa a ƙasar da yake tsaye. Wannan gadon ba alƙali ne ya raba shi ba, kuma ya isa kowa.

Allah ya jiƙan Hamma, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da iyayenmu a gidan aminci. Yadda bai taɓa wuce bawan Allah a kan hanya ba tare da ya sauko masa ba, Allah kada ya sa rahama ta wuce shi. Mu kuma da muke kan hanya har yanzu, Allah ya sa mu iso da kyau, ko da rana ta yi tsaka.